Daga filin jirgin Jidda zuwa jirgin ƙasan Haramain

Kafin ka sayi tikiti, fara duba ɓangaren filin jirgin da jirgin samanku zai sauka. Tashar jirgin ƙasa a haɗe take da Terminal 1, da ƙafa ake shigarta. Wanda aka sauke a tashar alhazai ko ta Arewa (North Terminal) kuwa, sai ya nemi mota zuwa tashar jirgin ƙasan.

Kada ka matse lokaci. Bar aƙalla awa 3 tsakanin saukarka da tashin jirgin ƙasan, domin layin biza, ɗaukar hoton yatsu da jiran akwati su ke cin lokaci, balle a Ramadan. Tikitin na jirgi ɗaya ne da kujera ɗaya, ba ya jiran kowa.

Kaya ne ke kayar da mutanenmu: babban akwati ɗaya aka yarda da shi, kada ya wuce kilo 25, sai 'yar jakar hannu. Mai buhunan Ghana-must-go uku, mota ta fi masa.

A jirgin ƙasan, Makka ba ta kai awa ɗaya ba, Madina wajen awa 2. A unguwar Rusaifa ake sauka a Makka, daga nan sai bas ko tasi zuwa Harami. Mai umarar da zai wuce Makka kai tsaye ya ɗaura harami tun a jirgin sama, kafin a wuce miƙati.