Kurakuran da aka fi yi wajen sa direban katin Wi-Fi a Linux

Ka gama sa Ubuntu ko Linux Mint a kwamfutarka, ka duba kusurwar da alamar Wi-Fi ta saba fitowa, wayam. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su ɗauki waya, su rubuta sunan kwamfutar a Google, su kwafo duk umarnin da suka fara cin karo da shi su zuba a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Daga nan ɓarna ke farawa.

Sunan kwamfuta ba ya gaya maka katin da ke cikinta. Kamfani ɗaya kan fitar da samfuri ɗaya, wata da katin Intel, wata da Realtek, wata da Broadcom. Balle kwamfutocin na hannu da muke saye, waɗanda wataƙila an canza musu kati tun kafin su zo hannunka. Su ma 'yan adaftocin USB haka suke. TP-Link TL-WN722N fitowar farko tana ɗauke da cif ɗin Atheros AR9271, wanda direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin, ya daɗe a cikin Linux, amma fitowa ta biyu da ta uku Realtek RTL8188EUS ne a ciki. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, sai dai kama da wane ba ta wane. Don haka ka fara tambayar kwamfutar da kanta: lspci -nnk | grep -iA3 net idan katin na ciki ne, lsusb idan na USB ne. Za ka ga lamba mai kashi biyu, kamar 14e4:4365. Kashin farko na kamfani ne; a katin ciki, 8086 Intel, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Atheros. Da wannan lambar ake bincike. A sakamakon lspci, ka kuma duba ko akwai layin da ya ce Kernel driver in use a ƙarƙashin katin Wi-Fi ɗin. In akwai shi, to direba na nan ya riga ya hau, galibi matsalar wani wuri take.

Nan ne wanda ya saba da Windows ke shan wahalar banza, domin shi a saninsa direba abu ne da ake saukewa daga shafin kamfani. A Linux mafi yawan direbobi suna zuwa ne a cikin kanel, wato zuciyar manhajar. Na sha ganin mutum ya ɓata yini yana harhaɗa direba, ashe katin a kashe yake. Rubuta rfkill list. In ka ga Soft blocked: yes, umarnin rfkill unblock all ya ishe ka. In kuwa Hard blocked ne, rfkill ba zai iya buɗe shi ba, sai ka nemi makunnin da ke gefen kwamfutar, ko maɓallin Fn da ɗan'uwansa mai hoton eriya, ko ka leƙa BIOS.

Abu na gaba da ake rikitawa shi ne direba da famwe. Direba yana aiki ne a cikin kanel, shi kuwa famwe ɗan fayil ne da direban ke ɗora wa cif ɗin duk lokacin da aka kunna kwamfuta. In babu shi, direba zai hau lafiya lau amma kati ba zai motsa ba. Umarnin sudo dmesg | grep -i firmware zai nuna maka sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. A Ubuntu suna cikin ƙunshin linux-firmware. A Debian, wani nau'in Linux, an rarraba su, firmware-iwlwifi na Intel, firmware-realtek na Realtek, kuma sai daga Debian 12 da ya fito a watan Yunin 2023 aka fara haɗa su cikin faifan girkawa na hukuma. Wani lokacin kuma kanel ɗin ne ya tsufa wa katin. Intel AX210, alal misali, sai kanel 5.10 zuwa sama. Duba naka da uname -r.

Za ka ce yaya zan sauke ƙunshi alhali babu intanet? Jona wayarka ta Android da kebul, ka kunna raba data ta USB, Linux zai ɗauke ta a matsayin katin intanet na kebul ba tare da ka sa komai ba. Da ma tun farko ka gwada Wi-Fi daga filashin girkawa kafin ka goge Windows, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Broadcom kuwa sai an yi hattara. Yana da direban kamfani mai suna wl, ga kuma b43 da brcmsmac na cikin kanel, kowanne da katunan da yake ɗauka. Ƙunshin da ke sa wl yakan rubuta sauran a jerin waɗanda aka hana tashi a cikin /etc/modprobe.d/. In katinka na b43 ne ka je ka sa wl, ka toshe mai aikin ka kawo wanda ba zai iya ba, garin neman ƙiba an samo rama. Cire shi da apt purge, ka tabbatar fayil ɗin hanin ya tafi, ka sa firmware-b43-installer. Duk shawarar da ka gani tana cewa a sa NDISwrapper, mai ɗora direban Windows a Linux, ta zamanin Windows XP ce, wuce ta.

Idan ya tabbata dole sai ka harhaɗa direba da hannu, kamar yadda wasu adaftocin Realtek ke buƙata, kada ka tsaya a make da make install kawai. Zai yi aiki yau, ranar da kanel ya sabunta sai Wi-Fi ya ɓace, domin an gina direban ne don tsohon kanel. Ka fara sa build-essential da dkms da linux-headers-$(uname -r), sannan ka sa direban ta DKMS, wanda zai riƙa sake gina shi da kansa bayan kowace sabuntawa.

Saura Secure Boot, wani tsarin tsaro da ke hana loda abin da ba shi da sa hannun dijital. Komai ya tafi daidai, amma modprobe, umarnin da ke ɗora direba, ya dawo maka da Key was rejected by service, domin kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu. Umarnin mokutil --sb-state zai gaya maka ko a kunne yake. Ubuntu kan nemi ka zaɓi kalmar sirri lokacin sa direban, in ka sake kunna kwamfutar sai wani shuɗin allo ya bayyana. Mutane kan tsorata su danna Continue boot, shi ke nan makullin da aka sa wa direban hannu da shi (MOK) bai shiga ba. Enroll MOK za ka zaɓa, ka sa kalmar sirrin nan. In allon ya riga ya wuce ka, rubuta sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der, ka ba shi sabuwar kalma, ka kashe ka kunna, zai dawo.