Darasi na 9: Husainin Ma'aikaci a Cikin Kwamfuta

Kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin aikin da suke yi. Wannan ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne na 2023. Yawancinsu ba inji ne ya kama su ba, ciwo ne ya ci su a hankali, irin na zuciya da huhu da daji.

Yau za mu koyi wata dabarar rage wannan asara. Ana zana ma'aikaci a cikin kwamfuta da tsayinsa da nauyinsa. Sai a maƙala masa ƙananan na'urori a riga, ko a hular kwano, ko a agogon hannu. Suna auna bugun zuciyarsa, da zafin jikinsa, da motsinsa, su aika wa kwamfuta nan take. In Hasan ya sunkuya a masana'anta, Husaininsa na kwamfuta ma ya sunkuya. Wani masani a Amurka, Michael Grieves, ya gabatar da wannan tunani a 2002. Da injuna da kayan masana'anta aka fara, daga baya aka kai ga mutane.

Mu ɗauki ɗan dako mai lodin taki a Katsina cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Buhu ɗaya kilo 50 ne. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka kuwa sun sa iyakar ɗauka a kilo 23, shi ma sai in kayan na kusa da jiki kuma ba a murɗa ƙugu ba. Kwamfuta tana lissafa nauyin da ke sauka a gadon bayansa duk ɗauka. Daga nan injiniya ya shiga gwaji. In aka ɗora buhunan a kan dakali fa? In aka kawo baro? In aka mayar da lodi bayan sallar asuba? Duk a jikin Husaini ake gwadawa, Hasan bai yi ko targaɗe ba. Gyaran da ya fi sauƙi shi ake zaɓa. In kuma zuciya ta yi ta bugawa fiye da ƙima, agogo ya yi ƙara: a shiga inuwa, a sha ruwa.

Haka ake auna ƙarar injin casar shinkafa. In ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na tsawon awa 8 kullum, kunne na lalacewa, kuma ba ya gyaruwa.

Kayan nan suna da tsada, suna son wuta da intanet, don haka manyan masana'antu ne suka fi amfani da su. Amma in sun iso wurin aikinka, kada ɗoki ya hana ka tambaya. Bugun zuciyarka sirrinka ne, kuma na'urar da ke gane gajiyarka tana iya ƙirga hutunka. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Tambayi manaja cikin ladabi: Ranka ya daɗe, wa zai ga bayanan nan? Har yaushe za a ajiye su? Za a yanke albashi da su?

Aikin aji

Rubuta a littafinka: kilo nawa ne tsakanin 50 da 23? Sannan ka faɗa wa na kusa da kai gaɓar da ta fi yi maka ciwo in ka tashi aiki, ku rubuta gyara biyu da za ku so a fara gwadawa a kwamfuta.