Yadda na gyara daɓen tsakar gidanmu a Legas

Daɓen siminti a bakin teku abu biyu ke kashe shi, ruwan da ke kwanciya da kuma gishiri. Namu a Agege duk damina sai gansakuka ta rufe shi, ya yi santsi har tsofaffi na tsoron taka shi da alwala. Daga baya ya fara tsagewa, jan ruwan tsatsa na fitowa ta tsagar.

Da birkila ya fasa gefe guda muka ga rodin kusan a fili yake, danshi ya ci shi, ya kumbura ya fasa kankaren. Faci ba zai yi ba, sai muka fashe shi gaba ɗaya.

Mun zuba tsakuwa muka daddage ta, muka shimfiɗa leda mai kauri don tare danshin ƙasa. Haɗin kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma na hana a kawo yashin teku, sai na kogi wankakke. Rodin muka ɗaga shi a kan ƙananan duwatsu, kankare ya lulluɓe shi da santimita 5.

Gangara ce na fi tsayawa a kai. Da igiya muka auna, kowace mita ta sauka santimita 2 zuwa kwata, nesa da bango. Duk mita 3 aka yanka layi domin in zai tsage ya bi nan. Saman kuma tsintsiya aka ja a kai tun yana ɗanye, kada ya yi sulɓi.

Mako guda muna rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Yanzu ana ɗauke ruwa yake tsanewa.