Kurakuran Da Ake Yi Wajen Tura Mahaɗin Layin Kod Daga Tagar Umarni

Wata rana ina cikin danfo daga Agege zuwa Yaba, cunkoso ya tsayar da mu, sai wani ƙanena da nake koya wa aiki ya aiko mini da mahaɗin wani fayil ɗin kod a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, tare da saƙo: "Yaya, duba layi na 312, nan matsalar take." Na buɗe mahaɗin a waya, na tarar da layin babu komai a cikinsa. Da safen nan wani abokin aikinmu ya ƙara layuka a saman fayil ɗin, duk lambobin suka gusa ƙasa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi ɓata lokaci. Mahaɗin da ke ɗauke da sunan reshe (wato layin aikin da ake ci gaba da sauya kod a kansa), kamar main, yana nuna yadda fayil yake ne a lokacin da aka buɗe shi, ba lokacin da ka tura ba. Gyaran shi ne ka ɗaure mahaɗin da lambar kwamit, wato ajiyayyen hoton yadda kod yake a wani lokaci a git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod. Umarnin git rev-parse HEAD zai ba ka lambar. Idan kana da gh, manhajar GitHub ta tagar umarni (inda ake rubuta wa kwamfuta umarni), rubuta:

gh browse main.go:312 --commit=$(git rev-parse HEAD) -n

Harafin -n ɗin ne ke sa ya rubuto maka adireshin kawai ba tare da ya buɗe burauza ba, sai ka kwafa ka tura. Wanda kuma yake kan shafin GitHub, danna harafin y yana mayar da adireshin zuwa na kwamit nan take.

Sai dai a kula. Kwamit ɗin da ba ka tura da git push ba yana kan kwamfutarka ne kaɗai, wanda ya buɗe mahaɗin 404 zai gani, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba. Haka ma in kana da gyaran da ba ka yi wa kwamit ba, layi na 312 a wurinka ba shi ne na 312 a GitHub ba. Ni dai ba na tura komai sai na fara duba git status, umarnin da ke nuna gyare-gyaren da ba a yi wa kwamit ba.

Akwai masu kwafo adireshin ma'ajiyar kod da umarnin git remote get-url origin ya fitar su liƙa a WhatsApp. In ya fara da git@github.com, adireshin SSH ne, wanda git ke amfani da shi wajen haɗuwa da GitHub, burauza ba ta buɗe shi.

Jerin layuka ma yana rikita mutane: GitHub na rubuta #L10-L20, GitLab, wani shafin irinsa, kuma #L10-20. Fayil ɗin Markdown kuwa, wato mai ƙarewa da .md, GitHub kan nuna shi a tsare ba tare da lambobin layi ba, don haka a saka ?plain=1 kafin alamar #.

In ka yi duk wannan amma mutumin ya ce 404 yake gani, tambaye shi ko ya shiga da asusunsa. Ma'ajiyar kod ta sirri 404 take nuna wa duk wanda ba a ba izini ba, kamar ma babu ita.