Kurakuran da ke korar fasinja daga bas da Adaidaita a Kano

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013, Adaidaita Sahu da ƙananan bas ne ke ɗauke da jama'a. Bayan cire tallafin mai a 2023, direbobi na ta kukan rashin ciniki. Tsadar mai gaskiya ce, amma fasinja ya fi gudun motar da bai san nawa zai biya ba, bai kuma san yaushe zai isa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin maganar kuɗi sai an sauka. Mace ta hau daga Kabuga zuwa Kantin Kwari, ba wanda ya ce uffan, ana isa sai cacar baki a bakin titi, jama'a na kallo. Gobe ko ka tsaya a gabanta, kawar da kai za ta yi. Ka faɗi kuɗin tun kafin ta sa ƙafa: "Hajiya, kaza ne, kin amince?" Shugabannin tasha kuma su rubuta farashin kowace hanya a allo. Ka kuma fito da canjinka daga gida, ka karɓi tiransfa in ta kama.

Sai jiran lodi, wanda ni a ganina ya fi komai kashe bas. Kwandasta na ihun "saura mutum ɗaya" a Bata, alhali wasu da ke zaune 'yan tasha ne aka sa don motar ta yi kamar ta cika. Da zarar fasinjan gaskiya ya shiga, sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da zai sa hannu ƙarfe takwas a Sakatariyar Audu Baƙo sau ɗaya za ka yi masa haka. A tsayar da lokacin tashi, ko da kujera biyu babu kowa. Kafin a yi nisa hanya za ta cike su.

Cusa mutum biyu a gefen direban Adaidaita kuwa haɗari ne, a bar shi.

Da magariba tsoron ƙwacen waya ke hana mutane hawa. Ka sa fitila mai haske a ciki, lambar rajistarka ta fito ɓaro-ɓaro, kada ka ɗauko abokinka ka ajiye a gaba yana waige-waige. Wanda ya ce shata yake so, kada ka ƙara masa kowa a hanya.