Tayar babur na gari da daji: me za ka saya idan yawancin tafiyarka a kwalta ce?

Babur mai dogayen ƙafafu irin su Honda XR150L, Yamaha XTZ125, Suzuki DR200 ko tsohuwar DT125 an ƙera shi ne ya hau kwalta ya kuma shiga daji. Rigimar tana tasowa ne ranar da tayar da ya zo da ita ta cinye. Sai mutum ya shiga shago ya nuna taya mai manyan haƙora irin ta masu tseren hamada, ya ce ita yake so, alhali zirga-zirgarsa ba ta wuce daga unguwar Arkilla a nan Sakkwato zuwa wurin aiki, daga can zuwa Sabuwar Kasuwa, sai ƙarshen mako ya leƙa gona. Ni XR150L nake hawa. Taki da irin shuka nake sayarwa, ina zagaya Kware da Wurno, wani lokaci har Goronyo, kuma duk da sunan mai shiga ƙauye da nake da shi, in aka bi gaskiya yawancin hanyata kwalta ce. Burji da yashi sai a ƙarshen tafiya, bayan na sauka daga babban titi.

Don haka kafin ka taɓa aljihu, zauna ka lissafa hanyarka ta mako guda yadda take, ba yadda kake son a ɗauke ka ba. Cikin kilomita goma, nawa ne kwalta? In takwas ne ko fiye, tayarka ita ce wadda kamfanoni suke kira 80/20, wato kashi 80 na titi, kashi 20 na ƙasa. In kana raba tafiya kusan daidai tsakanin kwalta da hanyar ƙauye, sai ka duba 50/50. Masu 10/90 na 'yan daji ne tsantsa. Waɗannan lambobi kowane kamfani shi yake yanka wa tayarsa, babu wata hukuma da take auna su, saboda haka idonka ya fi lambar amfani. Tayar 80/20 za ka gan ta da faffaɗan zane, tsagin da ke tsakani siriri ne, bayanta a zagaye yake sumul daga gefe zuwa gefe. Ta 50/50 haƙoranta a rarrabe suke amma kusa da juna. Ta daji kuwa yatsanka zai shige tsakanin haƙori da haƙori har ya yi wasa.

Abin da ya sa nake hana mai yawon gari sayen manyan haƙora ba ƙyashi ba ne. A ƙasa mai laushi haƙoran nan nutsewa suke yi su kama, shi ne aikinsu. A kwalta babu inda za su nutse, sai babur ya tsaya a kan 'yan kawunansu, kamar wanda ya sa takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ya hau daɓen siminti. Robar da ke taɓa titi ta ragu, birki ya ƙara nisa, a kwana kuma sai ka ji babur yana rawa saboda haƙoran gefe suna lanƙwashewa. Wannan lanƙwasa tana haifar da zafi a cikin robar, ga kuma zafin Sakkwato na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni yake haura 40 kuma kwaltar kanta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Tayar baya sai ta cinye a tsakiya ta zama shafaffiya, gefenta na nan sabo fil. Ta gaba kuma birki ya dinga cin haƙoranta ta gefe ɗaya, su zama kamar an fiƙe su, hannun babur ya fara kakkarwa. Ga kukan da take yi in ka miƙe hanyar Bodinga ko ta Illela, wanda yake shiga kunne har ka isa. Kuɗi ka kashe don wahala kawai.

In kana son ganin misalin zanen da nake nufi, nemi hoton Shinko 705 ko Kenda K761 a wayarka, su ne irin na titi da ɗan daji. Kenda K270 da Shinko 244 su ne na tsaka-tsaki. Dunlop D606 da Pirelli MT21 na daji ne. Ba dole ne ka samu waɗannan sunaye a shagunan garin nan ba, ko ka same su a girman ƙafar babur ɗinka. Amfanin hoton shi ne ka nuna wa mai shago ka ce mai irin wannan zanen kake nema, ko ta wane kamfani ce.

To, amma yashi fa? Wannan ita ce tambayar da kowa yake yi mini, kuma tana da hujja, don ƙasarmu ta yashi ce. Tayar 80/20 tana tafiya lafiya a burji da busasshiyar jar ƙasa. A rairayi mai zurfi za ta yi ta lilo, gaskiya ne, sai dai a can ko mai manyan haƙora ma hannun mai tuƙi ne yake fitar da shi: ka matsa jikinka baya, ka riƙe wuta daidai ba tare da yankewa ba, kada ka damƙi birkin gaba. Inda tayar titi take ba da kunya sosai shi ne taɓo. Laka tana cike siraran tsaginta nan take, ta koma sulɓi. Wanda yake da gona a fadamar Rima kuma dole ya shiga da babur daga Yuli zuwa Satumba, wannan ya sayi 50/50 ya haƙura da saurin cinyewarta. Wanda kuwa taɓon da yake gamuwa da shi bai wuce na lungun Mabera bayan an ɗauke ruwa ba, bai kamata ya sayi tayar wata uku ya sha wahalarta wata tara ba. Wasu suna sa mai haƙora a gaba, mai zanen titi a baya. Ni ban cika son haka ga mai kwalta ba, don tayar gaba ita ce take ɗaukar yawancin birki, ita ya fi kamata ta kama titi.

Sai girma. A gefen kowace taya an rubuta shi. XR150L tana ɗaukar 90/90-19 a gaba, 110/90-17 a baya. Lambar farko faɗi ne a milimita, ta biyu tsayin gefe ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman wili ne a inci. Babura da yawa na wannan aji 21 suke ɗauka a gaba, 18 a baya, wasu kuma da tsohon rubutu na inci kamar 2.75-21 da 4.10-18. Lambar wili ba a ciniki a kanta. Faɗi ma ka tsaya a kan wanda kamfani ya rubuta. Samari suna son faffaɗar taya a baya don ado, amma in aka matse ta a siririn wili bayanta yakan tsuke ya yi tsini, robar da ke taɓa ƙasa ta ragu maimakon ta ƙaru, wani lokaci ma ta dinga gogar sarƙa.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi da kusan kowa yake tsallakewa, misali 62P. Lambar ta nauyi ce: 54 tana nufin kilo 212, 58 kilo 236, 62 kilo 265. Harafin na gudu ne: L kilomita 120 a awa, P 150, S 180. Gudun bai dame mu ba, ƙananan baburan nan ba sa kaiwa can. Nauyin ne abin lura. Babur kansa ya kusa kilo 130, ga ka, ga wanda ka goya, ga buhun taki mai kilo 50 a kariya, kuma yawancin wannan kaya a tayar baya yake sauka. Mu da muke ɗaukar albasa da taki kada mu sayi wadda lambarta ta gaza ta asali. In ta fi, babu laifi.

Abin da na fi dagewa a kai a garin nan shi ne shekarun taya. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1823, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2023. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma wadda ta yi shekaru a rataye a ƙofar shago tana shan rana da ƙurar hunturu ta riga ta tsufa tana sabuwa. Masu ƙera taya suna cewa in ta kai shekara biyar a dinga duba ta sosai, in ta kai goma a cire ta ko zanenta bai taɓu ba. Ni a wannan zafin namu ba na sayen wadda ta haura shekara uku a shago. Danna farce a jikinta, mai rai za ta ɗan lotsa ta dawo. Lanƙwasa gefenta ka duba ko akwai ƙananan tsagewa. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wagga ta fi ƙwari, taɓa ka ji." Taurin nan da yake yabo sau da yawa bushewa ce. Tayar gwanjo kuwa, araha ba ta ado. A mota in ɗaya ta fashe akwai uku, a babur babu.

Yawancin baburan nan wilinsu mai wayoyi ne, iska tana bi ta ramukan wayoyin ta fita, don haka sai da tib. Tayar da aka rubuta wa TT ta tib ce, TL kuma maras tib. Ana iya sa wa TL tib a hau da ita a wili mai wayoyi, amma TT ba a hawa da ita babu tib. Duk ranar da ka sa sabuwar taya, sa sabon tib daidai girmanta, ka kuma duba robar da take rufe kawunan wayoyin a cikin wili, don in ta yanke su ne za su huda tib daga ciki ka yi ta zargin ƙaya. Akwai tib mai kauri da ake sayarwa saboda ƙayar aduwa da bagaruwa. Yana taimakawa a daji, amma ya fi nauyi kuma ya fi ɗaukar zafi a doguwar kwalta. Matsakaici mai kyau ya ishi mai yawon gari.

Wurin ɗaurawa ka tsaya a kan mai faci, cikin ladabi. Yawancin tayoyi suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su dinga juyawa, wasu ma da kibiya biyu, ɗaya in a gaba za a sa, ɗaya in a baya. Dattijon da yake yi mini aiki ya san hannunsa, amma duk da haka nakan ce, "Baba, a duba mana kibiyar nan kafin a rufe." In akwai ɗigon fenti a gefen tayar, a daidaita shi da bakin bawul. Bayan an ba ta iska, juya wilin ka bi siririn layin da ke zagaye gefenta da ido, ya kasance tazararsa da bakin wili ɗaya ce ko'ina. In wani wuri ya nutse, tayar ba ta zauna ba, a sace iska a sake.

Iska kuma ba a auna ta da dukan ƙarfe ko matsa yatsa. Sayi ɗan geji naka, ba shi da tsada. Adadin da ya dace yana jikin takardar da aka manna kusa da sarƙa ko a littafin babur, galibi da lamba ɗaya ta mutum ɗaya, wata ta goyo. Lambar iskar da ke jikin tayar kanta ta lokacin da aka ɗora mata iyakar nauyi ce, ba ita ake bi kullum ba. A auna da safe kafin a hau. Akwai al'adar da ta yaɗu a nan ta rage iska da bazara wai kada taya ta fashe. Abin a juye yake. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwashewa, ta fi yin zafi, ita ce take fashewa. In ka auna da rana bayan tafiya ka ga lambar ta hau, ƙyale ta, kamfani ya san da wannan hawan. Rage iska kaɗan yana taimakawa a dogon yashi, amma sai in kana da famfon da za ka mayar da ita kafin ka hau titi. In ta yi ƙasa da yawa, dutse zai matse tib da wili ya huda shi, ko tayar ta zame a kan wili ta tsinke bawul.

Sabuwar taya tana da santsi. Kilomita 150 na farko ka bi a hankali, ban da birkin gaggawa da kwanciya a kwana. Ka ƙara kula in ɗaurawar ta zo daidai da ruwan farko na damina, lokacin da man da ƙurar da suka taru a titi tun rani suke tasowa, musamman a shataletale da wuraren da 'yan kabu-kabu da manyan motoci suke tsayawa.

Lokacin canji kuma tayar da kanta take faɗa. A gefenta akwai alamar TWI ko ɗan kusurwa uku. Bi ta wurin zuwa cikin tsagi za ka ga wani ɗan tudu. Ranar da zane ya yi daidai da tudun nan, ta gama aiki. Ta baya takan riga ta gaba cinyewa, kuma ba laifi ka canza ta ita kaɗai muddin ta gaban ba ta tsattsage ba kuma zanensu ya yi kusa da juna.