Yadda ake haɗa kwaɗon salak na biki lokacin hunturu

Da sanyin hunturu ne lambunan Kadawa ke cika da latas, karas da tumatir, kuma a lokacin suka fi araha.

1. Ki wanke latas ganye-ganye da ruwan gishiri, sau biyu. Ƙasar fadama tana maƙalewa a gindinsa, kada ki yi gaggawa a nan.
2. Ki tsane shi a kwando, ki yanka.
3. Ki kankare karas, ki yayyanka tumatir, albasa da kokwamba.
4. Ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da gishiri, ki barbaɗa.
5. Man gyaɗa cokali 3 da ruwan lemun tsami, amma sai baƙi sun zauna, don latas saurin yaushi gare shi. Dafaffen ƙwai a sama.